Baƙon Ƙaura, a Ina Za Ka Ci Tuwo?

Ƙanena, da ke ƙanwata, duk lokacin da aka koma karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda kowa ke ce wa Foli, nakan ga irinku kuna sauka a tasha, jaka a kafaɗa, katifa a naɗe. Wasunku karatu ya kawo su, wasu bautar ƙasa, wasu an turo su aikin asibiti ko koyarwa. Kafin ku baro gida an ja muku kunne kan abokai, kan salla, kan tafiyar dare. Abin da ba a cika yi muku maganarsa ba shi ne wanda zai fara tarar ku tun rana ba ta faɗi ba, wato yunwa, da inda za ku kai ta.

Kada ku ɗauki wannan ƙaramar magana. Na san ɗalibin da jarrabawa ta wuce shi yana kwance ana ƙara masa ruwa, sanadiyyar kwanon shinkafa ɗaya. Na san ma'aikacin da albashinsa ba ya kaiwa tsakiyar wata don kullum a wuri mai tsada yake ci, alhali a bayan ɗakinsa akwai mai abincin da ta fi wancan iyawa, kuɗinta kuma bai kai rabi ba. Wanda cikinsa bai zauna ba, karatunsa da aikinsa ba za su zauna ba.

Ni ma baƙo na zo garin nan. A makona na farko ido na bi. Na ga wani wuri a bakin titi mai sabon fenti, da kujerun roba, da talabijin a bango, na ce nan ne. Aka kawo mini shinkafa da miya, ba zafi ba sanyi, da ɗan kabeji a gefe. Na ci, na sha ruwan da ke cikin jug a kan tebur. Kwana uku na yi ban fita ba. Wanda ya fara zuwa duba ni shi ne maigadin wurin aikinmu, wani dattijo da nake wucewa kullum da gaisuwar baki kawai. Ya zauna a bakin katifata, ya tambaye ni abin da na ci da inda na ci. Da na faɗa masa sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, mi ya hana ka tambaya? Ai da ɗan gari akan ci gari."

Da na warware, wata rana bayan magariba ya ja ni muka bi wani lungu, muka karya kwana biyu, muka ɓulla ƙofar wani gida. Babu allo, babu suna. Rumfar kwano ce, da benci biyu da tabarma, da fitila mai batir rataye a jikin azara. Wata dattijuwa na zaune a kan kujera 'yar tsugunno, tukunyar miya na gefenta a kan garwashi tana ɓararraka a hankali. Ta buɗe kula, tururi ya tashi, ta sa mara ta ɗebo malmalar tuwon dawa ta ɗora a kwano, ta zuba miyar kuka, sannan ta tsoma ƙaramin ludayi cikin man shanun da aka soya da albasa ta zagaya a kai. Ƙamshin daddawa ya riga kwanon isowa gare ni. Kafin in zauna wani yaro ya miƙo buta da sabulu. Na lura da abu ɗaya da har yau nake auna kowane wuri da shi: dattijuwar nan ba ta taɓa kuɗi. 'Yarta ce ke karɓa tana ba da canji, ita kuwa hannunta daga mara sai ludayi.

"Inna, ga baƙonmu," in ji maigadin. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Sannu da zuwa, ɗana. Zauna ka ci."

A kan bencin nan akwai direba, da tela, da wani mai fararen kaya da daga baya na gane ma'aikacin jinya ne. Ba wanda ya tambayi abin da ake sayarwa ko nawa ne. Kowa ya san kwanonsa.

Ciyar da baƙo ba sabon abu ba ne ga Ƙaura. Tun da layin dogo ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau ya zo ya tsaya a nan a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga, da 'yan dako da fatake da ma'aikatan jirgi daga kudu. Dukansu sai sun ci. Jirgin ya daɗe da daina zama abin dogaro, amma abin da ya bari yana nan, shi ya sa wanda ya yi marmarin sakwara ko teba da miyar agushi zai samu idan ya nufi wajen Sabon Gari. Daga baya Foli ta zo a 1983 ta ƙaro wasu baƙin. Ga kuma hanyoyi: wadda ta fito daga Gusau, kimanin kilomita 60, da wadda ta miƙe Shinkafi, da wadda ta bi ta Zurmi zuwa Jibiya. Garin da ya kusa shekara ɗari yana ɗora wa matafiya tukunya ba ya rasa gwanaye. Sai dai gwanayen ba sa talla da allo, kuma idan ka buɗe taswirar wayarka kana neman su, lokacinka kawai za ka ɓata. Sunansu a bakin mutane yake.

Saboda haka sai tambaya, ita ma da yadda ake yin ta. Idan ka tsayar da mutum ka ce, "Ina ake sayar da abinci mai kyau?" zai dubi takalminka da jakarka ya nuna maka wuri mafi ƙyalli, don a ganinsa ya girmama ka ke nan. Ka ce masa, "Kai a ina kake ci?" Sannan ka kama sunan abin da kake so. Wa ta fi iya masa a unguwar nan? Wane mahauci ne namansa ke ƙarewa da wuri? A ƙasar Hausa kowane gwani da abinsa. Mai ɗanwake ba ta tuwo, mai tuwo ba ta ƙosai. Duk inda ka ga an jera abinci iri goma sha a wuri ɗaya alhali masu saye ba su fi a ƙirga ba, tambayi kanka yaushe aka dafa kowanne.

Direbobin tasha da 'yan kamasho sun san inda ake cika kwano. 'Yan kabu-kabu sun san kowane lungu, su ne ake aike sayo wa manya abinci, don haka sun san inda manyan ke aikawa. Ma'aikatan asibiti kuwa su suka fi kowa sanin inda ba a ci. Amma a gaban duk waɗannan ina sa maigadi da masinja da dattawan da ke zama a ƙofar masallacin unguwarku bayan la'asar. Ku gaishe su gaisuwa ta sosai, ku tambayi iyali, ku tsaya ku ji amsa. Yawancin matasan da na ga sun sha wuya a baƙon wuri ba rashin kuɗi ne ya jawo musu ba, wuce mutane suke yi da abin sauraro toshe a kunne.

Abinci kuma yana da lokacinsa, wanda bai san lokacin ba zai ce garin ba abinci. Koko da ƙosai da masa na safe ne, kafin hantsi ya dubi ludayi gwanar ta kife tandarta. Shinkafa da wake da mai da yaji daga hantsi zuwa azahar. Fura da rana, lokacin da zafin bazara ke hana mutum sha'awar komai. Tukuba ba ta kankama sai bayan la'asar, tuwo bayan magariba, mai shayi kuwa da asuba da kuma dare. Wanda ya fito neman masa da ƙarfe biyu na rana, abin da ya kwantai zai samu. Da azumi komai yakan juye, rana shiru, yamma ta cika da kunu da ƙosai, sai ku shirya tun da wuri.

Yanzu bari in daɗe a kan abin da ya fi damuna, wato ruwa.

A 2021 cutar amai da gudawa ta ratsa Nijeriya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, Zamfara kuma tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Wannan cuta da taifot hanyarsu ɗaya, ruwa ko abincin da ƙazanta ta taɓa. Wuta na kashe ƙwayoyinsu. Shi ya sa tuwon da aka kwashe yanzu da miyar da ke tafasa sun fi aminci a kan duk wani abu mai kyan gani da ya huce. Haɗarin yana wajen abin da bai ga wuta ba, ko wanda ya gan ta tun safe ya sauka: ɗanyen kabeji da latas, zoɓo da kunun zaƙi da ba ka san ruwan da aka haɗa su da shi ba, ƙanƙarar da aka jefa cikin fura, shinkafar da ta wuni a kula tana gumi. Idan ka isa wuri, kafin ka dubi tukunya dubi inda ake wanke kwanuka. Bahon ruwa ɗaya ne tun safe, ya yi kauri, mai na yawo a kansa? Juya abinka cikin mutunci. Ana canja ruwa, ana ɗauraya a na biyu, ana kife kwanuka a kan wani abu sama da ƙasa? Zauna. Dubi ko an rufe abinci, dubi ko kwata na bin gefen rumfar, dubi man suya ko ya yi baƙi ƙirin don maimaici. A wajen mai nama, ko ya ce maka yanzu ya sauke, roƙe shi ya mayar maka da shi kan wuta ya yi zafi har ciki kafin ya yanka. Mahaucin kirki ba ya jin haushin wannan. Ka shinshina kafin a barbaɗa yaji, don yaji na rufe abubuwa da yawa.

Idan kuma tsautsayi ya faɗa, gudawa ta kama ɗayanku, kada a tsaya jiran gari ya waye ba a sha komai ba. A samu ruwa mai tsabta lita ɗaya, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa kurɓa ana nufar asibiti. Ku ajiye ƙullin ORS a ɗakunanku kamar yadda kuke ajiye cajar waya. Abin da ke kisa a wannan cuta ƙarewar ruwan jiki ne, kuma cikin sa'o'i kaɗan yake yi.

Akwai wani abincin da ba za ka taɓa gani daga titi ba. Matan aure da yawa a cikin gidajensu suke sana'a: wannan ɗanwake, waccan alala ko tubani, wata dambu, wata fura. Sau da yawa nasu ya fi na kasuwa, domin daga tukunyar da suke sayarwa 'ya'yansu ke ci. Ke ƙanwata, nan kin fi ɗan'uwanki sa'a. Sallama za ki yi ki shiga, ki gaida matan gida, ki ga madafin da idonki, wataƙila ma ki fito da uwar ɗaki. Kai kuwa iyakarka zaure. Ka yi sallama, ka ba yaro kwanonka da kuɗinka, ka jira. Kada ka leƙa, kada ka tsaya jan 'yan matan gidan da hira, garin nan ana lura da irin wannan, kuma sunan baƙo da wuri yake ɓaci. Ka riƙa zuwa da kwanonka mai murfi, ya fi a ƙulla maka abinci mai zafi a leda. Wani abu da ke sosa mini rai, tun da maganar ta kawo mu nan, shi ne ƙananan yaran da ke yawo da tiren talla a lokacin da ya kamata suna aji. Idan ka san gidansu, ka je da ƙafarka ka saya, ka rage wa yaran nan yawon rana.

Za ku ji harshe ya ɗan bambanta, musamman ku da kuka fito daga Kano ko Zariya. Abin da kuke kira waina nan masa ce. Kwaɗo datu ne, yakuwa sure, attaruhu tarugu, awara kuma za ku ji ana ce mata ƙwai-da-ƙwai. Ku koyi sunayen, ku yi amfani da su, ban da kwaikwayon maganar mutane don dariya. Za a kuma miƙo muku hoce, wanda ake yi da garin dawa a gasa, abin alfaharin Zamfarawa. Wataƙila karon farko ya yi muku nauyi a baki. Ku ci, ku sake ci a wani gidan, musamman idan an marmasa shi an haɗa da ƙuli da mai da yaji. Abinci ne mai riƙe ciki, na mutanen da ke wuni a gona. Babu abin da ke toshe wa baƙo ƙofa kamar ya yatsina fuska ya ce, "Mu a garinmu ba haka ake yi ba." Wanda ya kushe tuwon mutane ya kushe uwar da ta tuƙa musu.

Ba zan ɓoye muku halin da ƙasar nan ke ciki ba, don yana cikin kwanon da za a miƙo muku. Shekarun ta'addancin 'yan bindiga sun hana noma a gonaki da dama na Ƙaura da Zurmi da Shinkafi, sun tashi ƙauyuka, sun kore shanu. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a jihar, aka dakatar da kasuwannin mako. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun yi shekaru suna jinyar yaran da tamowa ta kama a asibitocin Shinkafi da Zurmi. Bayan cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya hau, komai ya bi shi. Don haka idan ka ga malmala ta ƙanƙance, ba mai tuwo ce ta cuce ka ba, tiyar dawa ce ta tashi. Da yawa daga cikin matan da za ka gani a bakin hanya da kasko suna suyar awara ko ƙosai, gudun hijira ya kawo su, wasu mazansu sun rasu, marayu suke ciyarwa da ribar da ba ta taka kara ta karya ba. Kada ka matsa musu da neman gyara. Kada ka sayi abin da ba za ka iya cinyewa ba, in kuwa ya rage, ga almajiri nan tsaye da robarsa, ka ba shi da tsabtarsa, ba wanda ka jagwalgwala ba.

Haka 'yar Fulanin da ke kawo nono. Irinsu sun ragu ƙwarai a kan yadda na tarar da su, nonon ma ya yi tsada. Wadda ka samu tana zaune da ƙwaryarta fes, an rufe da faifai, ka saya, ka yi mata magana mai daɗi. Na sha jin samari suna jefa wa irinsu baƙar magana a kan laifin da ba su suka yi ba, alhali su ma an kore musu dabbobi, an raba su da rugagensu. Wannan ba halin ɗan mutunci ba ne. Ka dai tabbata ruwan da za a dama maka furar da shi mai kyau ne, in da hali ka zo da naka.

Za a ba ku labarin kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, da irin dabbobin da ake kaiwa da balangun da ake gasawa a ranar. Gaskiya ne, kasuwa ce mai tarihi da ke haɗa fatake har daga Nijar. Amma kwaɗayi kada ya hau da ku mota. In tafiya ta kama, a tambayi direbobi halin hanya a safiyar ranar, a fita da rana a dawo da rana. Haka hanyar Zurmi. Ko cikin gari, ku san lokacin da unguwarku ke yin shiru, ku sayi abincin darenku kafin nan.

Idan kun samu wuri biyu ko uku da hankalinku ya kwanta da su, ku tsaya a nan. Mai koko ɗaya, mai tuwo ɗaya, mai shayi ɗaya sun isa, sauran kuma ku dafa da kanku, don ɗalibin da ba ya ɗora tukunya ko sau ɗaya a rana kuɗinsa ba za su kai shi ƙarshen zango ba. Amfanin tsayawa wuri ɗaya sai rana ta ɓaci ake ganinsa. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000, mutane na da kuɗi a banki amma ba na hannu, masu POS sun ƙafe, taransifa ta ƙi tafiya. Na ga masu albashi suna zagaye da yunwa. Waɗanda aka san fuskarsu kuwa cewa aka yi da su, "Ci, in an samu ka kawo." Bashin mai abinci amana ce mai nauyi. Jarinta bai wuce na kwana ɗaya ba, abin da ka riƙe mata shi ne kuɗin garin gobe. Na san ɗaliban da suka gama karatu suka sulale da bashin mai shayi a kansu, suka ja wa na bayansu aka daina ba kowa. In an yi maka wannan alheri, ranar da kuɗi suka shigo fara da ita kafin ka sayi data. In za ka bar gari, je ka yi sallama, ka tambaya ko akwai saura a kanka.

Dattijuwar nan ta lungu Allah ya yi mata rasuwa shekarun baya, Allah ya jiƙanta. 'Yarta ce yanzu a kan kujerar, jikarta ke karɓar kuɗi. Kwanakin baya aka turo mana wani yaro mai bautar ƙasa daga Gombe, na ga kwana biyu yana ta fama da burodi da lemon kwalba, sai na ce ya biyo ni bayan magariba. Muka karya kwana biyun nan, muka tarar da bencin ya kusa cika. Yaro ya miƙo masa buta. Ta buɗe kula, ta ɗago ta dube shi, ta dube ni.

"Malam, baƙo muka yi?"

Na ce baƙo ne. Ta sake tsoma ludayin cikin man shanu ta ƙara masa a kan na farko, ta miƙa masa kwanon da hannu biyu.

"Gobe ka zo da wuri, ɗana," in ji ta. "Kuka ba ta kai isha'i."